Yadda na auna 'yan wasan da Seattle ta tsinto a 2021

Lokacin da ƙungiyar Seattle Kraken ta shiga NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, a 2021, bayan ta biya dala miliyan 650, na zauna da takarda domin in auna 'yan wasa 30 da ta ɗauka. Doka ta bar kowace tsohuwar ƙungiya ta kare 'yan gaba bakwai da 'yan baya uku da mai tsaron raga ɗaya, ko kuma 'yan wasa takwas da mai tsaron raga, sabuwar kuma ta ɗauki mutum guda daga cikin waɗanda kowace ƙungiya ta bari.

Ma'aunina shi ne abin da ƙungiyar Vegas Golden Knights ta yi da wannan doka a 2017, lokacin da ita ma ta shiga gasar. A gaban kowane suna na ja layi uku: yawan cin da ya yi, mintunan da ake ba shi, da abin da aka haɗo da shi a ciniki. Layi na ukun ne ya fi ɗauke mini hankali, domin George McPhee, manajan Vegas a lokacin, ya yi ciniki da fargabar ƙungiyoyi. Ƙungiyar Columbus ta ba shi damarta ta zagayen farko a zaɓen matasan 'yan wasa da NHL ke yi kowace shekara don ya kauce wa waɗanda take ji da su ya ɗauki William Karlsson, wanda ya ci 6 kacal a kakar da ta gabata, sai ga shi ya ci 43 a Vegas da aka ba shi fili. Florida ta saki Jonathan Marchessault, ta kuma haɗa da Reilly Smith. Da irin waɗannan mutane, da Marc-André Fleury a raga, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2018.

Da na zo kan Seattle, sai na tarar da wannan layi kusan fayau. Manajojin tsofaffin ƙungiyoyi sun ga abin da ya faru a 2017, sun gwammace su rasa mutum ɗaya su haƙura. Ron Francis, manajan Seattle a lokacin, ya ƙi ɗaukar fitattun 'yan wasa Carey Price da Vladimir Tarasenko saboda nauyin albashi da tarihin rauni, kuma a ganina ya yi daidai, amma hakan ya nuna mini cewa shekaru masu zuwa yake hange. Saboda haka na rubuta cewa kakar farko za ta yi musu wuya. Sun gama da maki 60, alhali Vegas ta tara 109 a tata kakar farkon.