Koken soja: shi kaɗai, a rubuce, kafin wata uku

Kurtun da ya fito daga Dafo, cibiyar horar da sababbin sojoji a Zariya, ya iya fareti da harbi, amma da wuya ka samu wanda ya san inda zai kai kuka idan aka riƙe masa alawus ko aka tsallake shi a ƙarin girma. Dokar ƙwadago ba ta shafi soja ba, kuma ba shi da izinin shiga ƙungiyar ƙwadago, balle yajin aiki. Abin da yake da shi yana cikin Dokar Rundunonin Soja, sashe na 178 ga hafsoshi, na 179 ga ƙananan sojoji.

Idan wani soja ko hafsa ne ya zalunce shi, kwamandansa zai rubuta wa. Idan kwamandan ne da kansa, ko ya yi biris da takardar, sai a kai ga hafsan da ke gaba da shi. Wata uku doka ta bayar daga ranar da abin ya faru, kuma a nan ake iya faɗuwa. Samanja ya ce a yi haƙuri, ana dubawa, mutum ya zauna a barikin Basawa yana jira har wa'adi ya wuce. Maganar baka ba ta da rasit. Takarda ta ɗauki lambar soja, muƙami, ranar da abin ya auku, adadin kuɗin da watannin da aka riƙe, da gyaran da ake nema. A sa magatakarda ya buga hatimin karɓa a kwafi, a adana shi a gida. Wanda ya ruga kotu bai bi waɗannan matakai ba, sau da yawa ana korar ƙararsa tun ba a saurari gundarinta ba.

Abin da ya fi haɗari shi ne kuka a taro. Kowa ya rubuta nasa, ko da matsalar ɗaya ce, domin haɗa baki a ƙi umarni yana iya zama bore a idon doka. A 2014 sojoji da dama da ke yaƙi da Boko Haram sun koka kan ƙarancin makamai, kotun soja ta yanke musu hukuncin kisa, sai a 2015 aka mayar wa 66 ɗaurin shekara 10. Kai kuka ta bidiyon Facebook ma haka yake: kafin a duba haƙƙinka, an kai ka gadirum kan saɓa doka, alawus ɗin kuma yana nan inda yake.