Iskar gas mai bin sawun ƙwayoyin zarra

A cibiyar bincike ta CERN, kusa da Jeneba, inda ake gwara ƙwayoyin furoton cikin zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya ganin ɓurɓushin da ke tarwatsewa daga karon, sai dai a bi sawunsa. Wata hanyar bin sawun ita ce a cika akwati da iskar gas, galibi argon gauraye da CO2, a ɗora masa lantarki mai ƙarfi. Duk ƙwaya mai caji da ta ratsa takan fizge elektoron daga zarrar iskar, lantarkin ya ja su zuwa siririyar waya, su hayayyafa daf da ita har kwamfuta ta karanta alamar.

Georges Charpak ne ya jera irin waɗannan wayoyi da yawa a akwati guda a 1968, lokacin da ake ɗaukar hotunan sawu ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1992. Sai dai zarrar da aka raba da elektoron, wato ayon, tana da nauyin jiki, tafiyarta ta yi kusan sau dubu ƙasa da ta elektoron, kuma idan karo ya yawaita sai ta taru ta karkatar da awo.

Maganin da ya fi burge ni shi ne GEM, wanda Fabio Sauli ya fito da shi a 1997. Fallen kapton ne, wata irin roba, mai kaurin mikron 50, an shafe shi da jan ƙarfe ciki da baya, an huda shi kamar rariyar tankaɗe, faɗin kowace huda mikron 70, kwatankwacin kaurin silin gashi. A cikin hudar elektoron ke hayayyafa, jan ƙarfen kuma ya kama yawancin ayon kafin su koma baya. Da wannan fasaha aka sabunta babban akwatin ALICE, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen CERN, wanda yanzu yake karatu ba tsayawa, yana iya ɗaukar karon ƙwayoyin dalma 50,000 a daƙiƙa.

A ganina, aikin da ya fi shafarmu shi ne na iskar kanta. Na'urorin RPC, wasu akwatunan gas da gwaje-gwajen ATLAS da CMS na CERN ke amfani da su wajen gano muwon, wata ƙwaya mai caji da ta fi elektoron nauyi, sun dogara da R-134a, iskar nan da masu gyaran firigo da na'urar sanyaya mota ke ɗurawa daga ƴar tukunya a garejojin Maradi, kuma ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na CO2 sau 1,430. Ana haɗa ta da ɗan wata iskar, SF6, wadda nata ninkin ya haura 22,000. Mu da ke shan zafin Afrilu a Sahel ba za mu ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Masu binciken suna toshe yoyo, suna tace iskar su sake amfani da ita, suna kuma gwada HFO-1234ze a madadinta, ko da yake ita tana neman lantarki mafi ƙarfi fiye da wanda aka tsara tsoffin na'urorin a kansa.