Ranar Ingila ba ta shiga ƙashi

Ban taɓa zaton rana abu ce da mutum zai rasa har jikinsa ya gaya masa ba. Mu da muka tashi muna gudunta, tun hantsi ake neman inuwa. Hunturun farko da na yi a arewacin Ingila, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, in shiga da duhu in fito da duhu. Sai ciwon ƙugu ya fara, cinyoyina suka yi nauyi, in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Da likita ta auna jinina, ta ce bitamin D ɗina, sinadarin da fata ke haɗawa in rana ta taɓa ta, ya faɗi ƙasa da 25, wanda a ma'auninsu ƙaranci ne sosai. Ta ɗora ni kan mai ƙarfi na wasu makonni, daga baya ƙaramar ƙwaya kullum.

Abin da har yau yake ci mini rai a ɗakin hutu ya faru. Na fito da kwalbar zan haɗiya, wata abokiyar aikina ta kalli hijabina, a gaban kowa ta ce da wannan lulluɓin da nake yi me nake tsammani. Ɗakin ya yi tsit. Turancin da nake taƙama na ci jarrabawarsa kafin a ba ni biza, ranar ya gudu ya bar ni. Na maida kwalbar cikin jaka ban sha ba. A bas na yi kukana.

Daren nan ban yi barci ba, karatu na zauna yi. Gaskiya ne rufe jiki yana rage abin da fata ke samu, hukumar lafiyarsu ta faɗa, ban musa ba. Amma fata ba ta haɗa wannan sinadarin sai wani nau'in hasken rana ya taɓa ta, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfinsa, ko mutum ya wuni a waje. Shi ya sa tun 2016 gwamnatinsu ta ba kowa da kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum lokacin kaka da hunturu. Ita ma mai maganar tana ciki. Mu masu baƙar fata kuwa aka ce gara mu sha shekara ɗungurungum, domin launin da ke kare mu daga ƙunar rana shi ke rage saurin haɗa bitamin ɗin. Allah ya yi fatata daidai da inda ya halicce ni, ni ce na yi ƙaura. Ban koma na yi mata bayani ba, amma yanzu a kan tebur nake ajiye kwalbata.

Na ba Umma labari a waya don hankalinta ya kwanta. Kafin mako ya zagayo, Goggo ta aiko saƙon murya, Kawu ma haka, kowa na son "maganin ƙarfin ƙashi na Turai". Umma da kanta ta ce, "Ke 'yar nan, ki haɗo mini da manya-manyan, gwiwar nan ta hana ni sallah a tsaye."

Yaya zan yi in ce wa mahaifiyata a'a daga nisan duniya? Duk wanda ke waje ya san yadda ake fassara a'a a gida: ta samu wuri, ta yi rowa. Amma abin da na karanta ya tsaya mini a wuya. A Amurka an yi wani babban bincike mai suna VITAL, mutum kusan 26,000, aka fitar da sakamako a 2018: shan bitamin D kullum bai rage kamuwa da kansa ko ciwon zuciya ba, a 2022 kuma aka ga bai rage karayar ƙashi ba ga waɗanda yawancinsu ba su da ƙarancinsa. Mai ƙaranci yake yi wa amfani. Kuma ba ya fita ta fitsari kamar wasu, a kitsen jiki yake taruwa. In babba ya daɗe yana wuce maikirogiram 100 a rana, kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kan yi yawa a jini har ya taɓa ƙoda da zuciya. Ko a Jos, binciken da aka wallafa a 1999 kan yara masu lanƙwasar ƙafa ya nuna kalsiyam ne ya fi warkar da su, ba bitamin D shi kaɗai ba. Na san Umma kuma, in ta ji ɗaya ta yi mata daɗi, uku za ta riƙa sha, ta ɗiba ta ba maƙwabta.

Na ce, "Umma, ku yi haƙuri, a fara duba ku tukuna." Ta yi shiru, irin shirun da na sani tun ina yarinya, sannan ta ce Allah ya yi albarka ta ajiye wayar. Na fi jin zafin wannan a kan maganar ɗakin hutu.

Na tura wa Yaya kuɗi ya kai ta asibiti a ɗauki hoton gwiwar, a auna jini har da ƙoda. Ya ce sai ya samu sarari a wurin aiki. Da ina gida da ni zan riƙe mata hannu mu hau matakalar asibitin, in zauna in ji abin da likita zai ce da kunnena. Gobe in sha Allahu zan sake kiransa kafin in shiga aiki.