Asayimen ɗin da ya raba ni da ba Klaus kariya

A zango na biyu na kwas ɗin rubutun fim da na yi, malamarmu ta ba mu wani aiki da na raina tun a aji. Wai kowa ya zaɓi jarumi ɗaya a fim mai dogon zango, ya raba takarda gida biyu, gefe ɗaya ya rubuta abun da jarumin ya faɗa da bakinsa, ɗaya gefen kuma abun da ya aikata da hannunsa da sunan wanda abun ya faɗa wa. Ko tunani ban tsaya yi ba na ce Klaus na The Originals zan ɗauka, don a lokacin na kalli sizin biyar ɗin nan tas har sau biyu, kashi 92 cif, kuma in ana musu a kansa ni ne lauyansa da ba a biya.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, na Amurka ne, tashar CW ta nuna shi daga 2013 zuwa 2018, reshe ne da ya fito daga The Vampire Diaries, labarin kuma a New Orleans yake. 'Yan gida ɗaya ne, iyalan Mikaelson, uwarsu Esther ta yi musu tsafi suka zama masu shan jini na farko a duniya, sun shekara dubu ba su mutu ba. Klaus shi ne ɗan da uwar ta samu a waje, ubansa na gaskiya cikin masu rikiɗa su zama kyarkeci yake, shi ya sa Mikael mijin uwar ya gana masa azaba tun yana yaro, daga baya ma ya yi ta farautarsa ƙasa ƙasa. To wannan tarihin ne nake riƙewa kullum, ko me ya yi sai in ce ai ku duba irin tashin da ya yi.

Gefen magana ya cika min da wuri, kuma wallahi daɗin karantawa gare shi, duk zancen dangi ne da kariya da alkawarin da shi da yayansa Elijah da ƙanwarsa Rebekah suka ɗauka na cewa suna tare har abada. Da na koma ɗaya gefen ne jikina ya fara sanyi. Akwai wasu wuƙaƙe da ake tsomawa a tokar wani farin icce, in aka soka wa ɗayansu a zuciya sai ya sandare kamar gawa har ranar da aka zare, kuma Klaus kaɗai ne ba sa yi wa komai saboda jininsa biyu ne. Shi yake riƙe da wuƙaƙen, shi yake riƙe da akwatunan gawar da yake zuba 'yan uwansa a ciki yana yawo da su gari gari kaman kayan ɗaki. Finn wajen shekara 900 ya yi a kwance. Kol an soke shi an zare an sake sokewa, ta 1914 ma ana tsakar bikin Kirsimeti aka yi ta. Elijah da ke bin bayansa yana share masa ɓarna, a kashin farko na fim ɗin ya soke shi ya miƙa wa Marcel, yaron da ya tashi a hannun Klaus wanda yake riƙe da garin a lokacin, don neman shiri.

Amma Rebekah ce ta cinye min takarda. 1820, ta so Emil ɗan gwamna, Klaus ya wurgo yaron daga saman bene ana tsakiyar walima. Ta so Marcel, ya soke ta shekara 52, har ya ba Marcel zaɓi, ko a zare mata wuƙar ko a maida shi mai shan jini, don dai in ta farka ya nuna mata wanda take so ɗin ma bai zaɓe ta ba. A Shikago cikin shekarun 1920 ta ce ita saurayinta Stefan za ta bi, ya sake soke ta, ba ta buɗe ido ba sai bayan wajen shekara 90. Na zauna ina kallon jerin nan na ga abu ɗaya ne yake ta maimaituwa, yarinyar nan ba cin amanarsa ta yi ba a ko ɗaya daga cikinsu, laifinta kawai ta kalli ƙofa. Kuma kowane karo bayanin ɗaya ne, babu namijin da ya kai ya aure ta, shi kare ta yake. Abun da ya ƙara ɗaure min kai, alkawarin nan na har abada da nake ji har tsigar jikina na tashi, sun ɗauke shi ne bayan sun binne uwarsu, alhali Klaus ne ya kashe ta ya ɗora wa Mikael. Sau biyu na kalla fa, ban taɓa haɗa biyun nan waje ɗaya ba sai da biro ya tilasta min.

Ranar gabatarwa duk da haka sai da na yi ƙoƙarin wanke shi. Na ce ai Rebekah ma ba kanwar lasa ba ce, ita da Marcel suka sa aka kira Mikael garin a 1919, mutumin da ta san kashe Klaus yake nema. Malama ta bar ni na gama sannan ta ce, to kai da ka yi lissafin, kafin 1919 shekara nawa ta yi a akwati, kuma wace hanya ya bar mata ta fita wadda ba wannan ba? Na yi tsuru tsuru. Wata 'yar ajinmu da ba ta cika magana ba ta ce ita abun da ke ba ta haushi Elijah ne, mai kwat da lafazi mai daɗi, kullum yana cewa a yi haƙuri ɗan uwanmu zai shiryu, kuma haƙurin nan ba daga aljihunsa kaɗai yake biya ba, da shekarun ƙanwarsa yake biya. Har Gia, mai shan jinin da Elijah yake so, Klaus ya sa ta cire zoben da ke kare ta daga rana ta ƙone a gabansa, kuma bai hana shi dawowa ba. Nan aji ya kaure, rabi na cewa ai zumunci kenan, rabi na cewa wane irin zumunci.

A nan ne malama ta koya mana abun da ya fi zauna min a duk kwas ɗin, ta ce mu riƙa lura da inda kyamara take tsayawa bayan an yi ɓarna. Na koma gida na duba, haka ne kuwa, sau da yawa in ya gama aika aikarsa fuskarsa ake nuna mana, ido ya ciko da ƙwalla, kiɗa mai sanyi na tashi, a wuce da mu yarintarsa mu ga Mikael na dukansa. Wanda aka soke kuma an rufe akwati, gawa ba a haska ta, shekara 52 ɗinta a daƙiƙa biyu ake wuce ta. Ga Joseph Morgan da ya fito a Klaus ya iya wasa kamar me, in ya karyar da murya sai ka manta wa ke kwance a ƙasa. Ba na cewa marubutan sun yi wauta, sun san abun da suke yi sarai, kashi na 16 a sizin farko inda aka kulle Klaus da Elijah da Rebekah a maƙabarta, Rebekah ta amayar masa da duk abun da ke cikinta yana cikin mafi kyawun abun da suka rubuta. Sai dai ko a nan ɗin, ƙarshenta shi ne ya ce ta tafi ya sake ta, mu kuma muka yi ta yaba masa, kai ka ce 'yancin nata dama kayansa ne da zai bayar kyauta.

Ta kuma gaya mana irin wannan riƙon yana da suna a wajen masu nazarin cin zarafi a cikin gida, wato mallake mutum ta hanyar tsoratarwa da raba shi da kowa da sa masa ido, ko da ba a taɓa lafiyar jikinsa ba, kuma a Ingila da Wales tun 2015 doka ta maida shi laifi, ba tsakanin masoya kaɗai ba har tsakanin dangi. Ni dai na rubuta a littafi don jarabawa, ban kawo komai a raina ba.

Sai bayan kamar sati biyu, ina gyara aikin don in miƙa na ƙarshe, ƙanwata ta shigo ɗaukar caja ta tsaya tana leƙen takardar ta bayana. Ta karanta gefen hagu ta karanta na dama, ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba ta ce, Yaya kai ma in yi maka irin wannan? Na ce yi mana, ina wasa. Ta ja kujera ta karɓi biron. Gefen magana layi ɗaya ta rubuta, don ke nake yi. Ɗaya gefen kuwa ta jima a kai, wayarta da na ƙwace wata uku a kan saƙon da ban ma karanta shi duka ba, ƙawarta da na ce kar in ƙara ganinsu tare, makarantar da ta samu a nesa na zuga aka hana don wai ba mai sa mata ido a can, ta zauna shekara guda a gida kafin ta samu wata. Wannan ta ƙarshen na ma manta da ita wallahi, ita kuwa har watan ta rubuta.

Na buɗe baki zan ce ai lokacin abubuwa ne suka yi min yawa, sai na ji muryar wa zan yi, na rufe. Ta ajiye biron ta ɗauki cajarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce saura biyu ma ba ta sa ba don takardar ta cika.