Lahadi a kasuwar Illela

Yau na raka Kawu zuwa Illela, domin ƙafarsa ta matsa masa kwana biyu, kuma bai yarda ya bar cin kasuwar wannan mako ba. Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba, muka bi ta Kware da Gwadabawa, kafin hantsi ya dubi ludayi mun riga mun shiga gari. Tun daga bakin hanya manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran lodin dabbobin da za a kai Kudu.

Kara muka fara nufa. Na sha ganin kasuwar dabbobi, amma ta Illela daban take, saboda yawancin abin da ke cikinta daga ƙetaren iyakar Nijar aka koro shi: shanun Azawak masu jan gashi, raƙuma, manyan raguna balami da uda, ga kuma jajayen awakinmu na gida. Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu, Adarawa da Gobirawa, kowa da Hausa yake ciniki. Kawu ya daɗe yana taya wani rago, mai shi yana ta cewa albarka, sai da dillali ya riƙo hannuwansu su biyu sannan aka sallama, aka cire masa la'ada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafin kuɗi. Mai ragon da sefa yake tunani, kuma da dala yake ƙirga ta, kowace dala ɗaya sefa 5 ke nan, don haka sai da muka je wurin 'yan canji kafin kowa ya natsu da abin da ya samu.

Bayan azahar muka je gaida wani tsohon aminin Kawu, wanda 'yarsa take aure a Birnin Ƙonni. Na tambaye shi ko ziyarar tana yi masa wuya, tunda wata ƙasa ce. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai Ƙonni bayan gida ce. Ranar Laraba can muke cin kasuwa, ranar Lahadi su zo nan." Ɗan kabu-kabu ne yake kai shi, ya dawo kafin la'asar.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san yadda aka yi layin iyakar nan ya ratsa tsakaninsu. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a ɓangaren Ingila. Duk da haka, a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa garin ta yi kisan gilla. Daga baya Faransawa suka nemi hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram, sai aka sake shata iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunsu. Rijiyoyin da ayarin sojan wasu zai sha su ne suka raba dangi gida biyu, ɗaya ya tashi da karatun Turanci, ɗaya da Faransanci, alhali a masallaci ɗaya kakanninsu suka yi sahu.

Tsohon bai damu da wannan tarihi ba kamar yadda ya damu da na jiya-jiya. Ya ba mu labarin rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, wadda ba a buɗe ba sai Disambar 2020, da kuma ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wadda ta kai Maris na 2024. Ya ce manyan fatake suna da abin jira, amma 'yan dako da masu abinci da masu kura da yaran da ke kora dabbobi, waɗanda sai sun fita suke ci, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Na gaskata shi, domin na ga yawan mutanen da rago ɗaya ya ciyar yau tsakanin igiyar mai shi da bayan motarmu.

Kafin mu taso na saya wa Inna cuku da dabino, Kawu kuma ya ƙara da ɗan buhun albasar Galmi, wadda ya ce ta fi jure ajiya. Mun yi saurin komowa saboda halin da hanyoyin gabashin jihar suke ciki, ba wanda yake son dare ya same shi a daji. Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba. Ragon yana ɗaure a tsakar gida, har yanzu bai taɓa dusar da aka zuba masa ba, Kawu ya ce sai an samo masa harawa.