Talata a Glencoe: batirin ɗaki da cajin wayoyinmu

Na farka da asuba a cikin motar da muka yi haya daga Glasgow, irin motar nan mai ɗaki a baya wadda ke da gadaje da wurin girki da ɗan banɗaki, kuma abin da na fara yi bayan na idar da salla shi ne duba ɗan allon da ke saman ƙofa, wanda ke nuna ƙarfin batir. Ya nuna bolt 12.1, alhali jiya da magariba, lokacin da muka tsaya a wurin da aka yarda motoci su kwana kusa da Glencoe, 12.7 na gani. Gabana ya faɗi, domin wannan batirin ne ke juya fankar hita, kuma sanyin watan Oktoba a tsaunukan Scotland ba abin da za a kwana da yara a cikinsa babu ɗumi ba ne.

Ina tsaye ina kallon allon sai uwargida ta ɗago wayarta ta ce, "Baban yara, wayata fa ba ta ɗauki caji ba, kuma tun dare na jona ta." Na duba, sai na ga a soket mai baki uku ta sa cajar, irin wanda muka saba da shi a bangon gida nan Birtaniya da can Najeriya. Laifina ne, domin an yi mini bayani a wurin karɓar mota, ni kuma ban isar wa iyalina ba. Waɗannan soket masu baki uku na bolt 230 ne, kuma ba sa kawo wuta sai an ja dogon kebul daga motar an jona shi da turken lantarki na sansanin kwana. Mu kuwa a fili muka kwana, inda babu turke, saboda haka wayar ta kwana a jone da soket maras komai.

Motar tana da batir biyu, kuma aikinsu daban. Na farko na inji ne, wanda aka ƙera domin ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu ya tayar da mota. Na biyu, wanda nake kira batirin ɗaki, yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma an yi shi ne domin ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awoyi ga fitilu da famfon ruwa da fankar hita da soket na bolt 12, wato ramin nan mai zagaye irin na kunna sigari. Soket ɗin da ke gaban direba daga batirin inji yake sha, shi ya sa na hana kowa amfani da shi idan mota tana kashe, domin wanda ya ƙarar da batirin ɗaki zai kwana cikin duhu ne kawai, amma wanda ya ƙarar da na inji zai wayi gari a tsakanin duwatsu da motar da ba ta tashi.

Da na buɗe akwatin da ke gefen gado sai na ji wani ɗan ɗumi, na kuma ga koriyar fitila tana ci. Ƙaramar inbata ce mai wat 300 da na taho da ita daga gida saboda kwamfutata. Babban ɗanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Abba, ni na kunna, na ga na bango ba ya aiki, kuma Auta tana kuka kwamfutar hannunta ta mutu." Ban yi masa faɗa ba, domin ya yi tunani, kuma abin da ya yi shi ne abin da duk wanda ya tashi a gidan da ake amfani da inbata zai yi. Na kashe ta, na kashe hita da fitilu, muka sha shayi muna jira. Batir yana nuna ƙasa da ƙarfinsa na gaskiya muddin ana jan wuta daga gare shi, don haka sai ya huta kafin a yarda da abin da allo ya faɗa. Bayan kusan awa ɗaya ya hau zuwa 12.3. A batir irin wannan mai dalma da ruwan asid, 12.7 na nufin a cike yake, 12.2 kuma kimanin rabi, kuma sauka ƙasa da rabi a kai a kai yana rage masa kwana. Ke nan mun kusa bakin iyaka a dare ɗaya.

Uwargida ta yanke hukunci nan take cewa wayoyi da kwamfutocin hannu ne suka shanye batirin, kuma daga yau kowa ya haƙura da caji sai mun sami sansani. Ni ma da farko haka na zata. Amma na ɗauki biro da bayan takardar haya na zauna na yi lissafi, kuma wannan lissafin ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru yau.

A jikin batirin an rubuta amp-awa 110, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya adanawa. Idan aka ninka da bolt 12 za a sami wat-awa 1,320, kuma tun da rabi ne kawai ya kamata a taɓa, abin da muke da shi na kashewa shi ne wat-awa 660, wato amp-awa 55. Batirin wayata an rubuta masa 5,000 mAh, kuma wannan adadin ne ke ruɗa mutane, domin suna ganin dubbai sai su ɗauka wani abu ne babba. Amp-awa 5 ne kawai, kuma a ƙarfin da bai kai bolt 4 ba, saboda haka gaba ɗaya wat-awa 19 ne ko kusa da haka. Ko an ƙara abin da ke ɓacewa ya zama zafi a cikin caja, cika wayar daga mutuwa har ta cika ba zai ci amp-awa 2 daga batirin ɗaki ba. Kwamfutar hannu irin ta yara tana ɗaukar kimanin wat-awa 30. Wayoyinmu uku da kwamfutocin hannu biyu, a ce duk sun mutu murus a lokaci guda, abin da za su ci bai wuce amp-awa 12 ba daga cikin 55.

To ina wutar ta tafi? Fankar hita tana jan amp ɗaya zuwa biyu, kuma ta yi aiki tun daga magariba har asuba, wanda shi kaɗai ya fi abin da duk na'urorinmu za su ci. Wannan ba na baƙin cikinsa, domin ɗumin yara muka saya da shi. Abin da ya dame ni shi ne inbata. Tana ɗaukar bolt 12 na batir ta ɗaga shi zuwa 230, sannan cajar waya ta sake sauko da shi zuwa bolt 5, kuma a kowane mataki ana asarar wani kaso. Bayan haka, ko babu abin da aka jona mata, muddin tana kunne tana shan tsakanin rabin amp da amp guda. Kwamfutocin yaran sun cika tun kafin tsakar dare, amma ita ta ci gaba da sha har gari ya waye, kuma a lissafina abin da ta sha a banza ya kai abin da zai cika wayata sau uku ko huɗu. Sai a haɗa da cewa batirin ba sabo ba ne, kuma sanyi yana rage abin da batir mai dalma ke iya bayarwa, to lissafi ya fita.

Faifan sola mai wat 100 da ke kan rufin motar bai taimaka ba. Gajimare ya rufe kwarin Glencoe, rana kuma ba ta tashi sama sosai a wannan lokacin na shekara a arewacin nan, don haka abin da yake turowa bai kai amp guda ba. Mafita ita ce tuƙi, domin idan inji yana aiki altaneta, wato ɗan janareton da inji ke juyawa, tana cajin batiran biyu. Muka kama hanyar A82 zuwa Fort William, allo yana nuna sama da bolt 14. A hanya muka gano wani abu kuma: da zarar an tayar da inji, soket da fitilun ɗakin baya suna ɗaukewa, kamar yadda aka tsara yawancin irin waɗannan motoci da ake haɗawa a Birtaniya. Saboda haka a lokacin tafiya soket ɗin gaban direba ne wurin caji, kuma a lokacin babu fargaba a kansa, tun da inji ne ke ciyar da shi.

A Fort William na shiga wani shagon kayan mota na sayi adafta da ake cusawa a ramin bolt 12, mai baki biyu, ɗaya USB na da, ɗaya kuma USB-C mai wat 30. Na tsaya na karanta bayan kwalin da kyau, domin masu arha da yawa amp ɗaya kawai suke bayarwa, wanda kwamfutar hannu za ta yini a kai ba ta cika ba, musamman idan yaro yana kallo a kanta. Na zaɓi wadda bakinta na da yake ba da amp 2.4. Soket ɗin kansa fis mai amp 10 ne ke kare shi, wato yana ɗaukar har wat 120, don haka caji biyu a lokaci guda ba komai ba ne a gare shi. Na kuma gwada ta a ramin kafin mu bar gari, saboda adaftar da ba ta zauna daram ba tana yin zafi a baki, tana kuma yanke caji duk lokacin da motar ta girgiza.

Tafiyar rabin awa daga Glencoe ba ta isa ta mayar da abin da aka sha cikin dare ba, domin batir mai dalma yana karɓar caji da sauri da farko, sannan ya riƙa ja a hankali yayin da yake kusantar cika. Don haka muka zarce ta hanyar A830, muka wuce Glenfinnan har Mallaig a bakin teku, muka yi sallar azahar da la'asar a can, muka juyo. Wayoyi uku duk sun cika a gaba yayin tafiyar, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun taɓa batirin ɗaki ba.

Rana ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6. Na bar batirin ya huta kafin na duba, domin nan da nan bayan tuƙi yakan nuna adadi mai yawa wanda ba ya daɗewa, sai na ga 12.6. Na naɗe inbata na sa ta a ƙasan jakata, na kira babban ɗanmu na nuna masa lissafin da ke bayan takardar haya, na kuma ɗora masa alhakin adaftar: ya jona kwamfutocin hannu biyu bayan isha'i, ya zare ta daga rami idan sun cika. Uwargida ta kira Hajiya a Zariya da wayarta cike da caji, suka daɗe suna hira, Hajiya tana tambaya ko da gaske a cikin mota muke kwana da jikokinta a wannan sanyi.

Yanzu ƙarfe 10 da rabi. Kwamfutocin yaran sun cika, an zare adafta, hita tana aiki a mataki na ƙasa, allon saman ƙofa kuma yana nuna 12.4 alhali fanka tana juyawa. Gobe mun kama wuri a wani sansani mai turken lantarki kusa da dutsen Ben Nevis, inda cajar motar za ta samu dare guda cur ta cika batirin yadda ya kamata.