Ƙa'idar asalin kaya: inda yarjejeniyar kasuwanci ke ci ko ta faɗi

Duk lokacin da shugabanni suka sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci marar shinge, labarin da ke bazuwa shi ne an soke kuɗin fito. Shi kuwa jami'in kwastam da ke tsaye gaban kwantena tambayarsa guda ce: kayan nan 'yan wace ƙasa ne? Tashar da aka yi musu lodi ba ta dame shi ba. Yana son ya san inda aka ƙera su da takardar da ke tabbatar da haka. Dokokin da ke amsa wannan tambaya su ake kira ƙa'idojin asalin kaya, kuma a ganina su ne ainihin yarjejeniyar, domin su ke raba wanda zai wuce kyauta da wanda zai biya cikakken haraji.

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar GATT ta kuɗin fito da ciniki da ƙasashe 23 suka ƙulla a 1947, wadda Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, ta gada a 1995. Sashe na 1 ya ce rangwamen harajin da ka yi wa mamba ɗaya, dole ka yi wa kowa. Sashe na 24 ne ya bar ƙofa: wasu ƙasashe na iya soke haraji a tsakaninsu kaɗai, muddin sokewar ta shafi kusan duk cinikinsu, kuma ba su ƙara wa na waje nauyi ba. A 1979 aka ƙara wani sassauci don ƙasashe masu tasowa.

To, haɗin iri biyu ne. A yankin kasuwanci marar shinge, kowace ƙasa tana riƙe da harajinta a kan kayan waje. A ce ɗaya na karɓar kashi 5 cikin 100 a kan takalmi, maƙwabciyarta na karɓar 35. In babu wata ƙa'ida, kowane ɗan kasuwa zai sauke takalmin ƙetare a ta farkon, ya biya 5, ya tsallaka da shi ta biyun kyauta da sunan kayan gida. Don toshe wannan kafa aka kafa ƙa'idar asali. A haɗakar kwastam cikakkiya, irin wadda Turai ta kammala a 1968, harajin waje ɗaya ne, kaya kuma in sun biya a tasha guda sai su yi yawo ko'ina ba mai tambayar asalinsu. ECOWAS ta tsaya a tsakiya. Tun 2015 tana da harajin waje na bai-ɗaya mai matakai biyar, 0, 5, 10, 20 da 35, amma kowace ƙasa na karɓar nata kuɗin a iyakarta, saboda haka har yau takardar asali ce ke fitar da kayan masana'anta.

Abin da aka noma, ko aka haƙo, ko dabbar da aka haifa aka kiwata a ƙasa, ba a jayayya a kansa. Rigimar tana kan kayan da aka haɗa da abin waje, kuma da ma'auni uku ake yanke ta.

Na farko shi ne sauyin lambar kaya. Hukumar Kwastam ta Duniya na da kundin da ya fara aiki a 1988, wanda ya ba kowane kaya lamba shida: biyun farko babi ne, huɗun farko kan magana, shidan duka ƙaramin rukuni. Ƙa'idar na cewa abin da ka shigo da shi ya zama yana ƙarƙashin wata lamba dabam da ta abin da ka fitar. Mu ɗauki fankar tebur, wadda lambarta 8414. Injin lantarkin da ke juya ta yana 8501, ɗanyar robar da ake narkawa a yi fuka-fukai tana babi na 39, wayar wuta tana 8544. Wanda ya shigo da waɗannan ya ƙera fanka ya sauya lamba, ya ci. Wanda kuwa ya ga sauƙi ya shigo da fuka-fukan a ƙere ya faɗi, domin sassan fanka suna 8414.90, gida ɗaya da fankar kanta. Masana'antu biyu, fanka iri ɗaya a ido, ɗaya ta wuce kyauta, ɗaya ta biya. Abin da zai iya ceton ta biyun shi ne ɗan rangwamen da yawancin yarjejeniyoyi ke bari: in darajar abin da ya saɓa bai wuce kashi 10 na farashin kayan ba, a wasu wurare 15, ana kau da kai.

Na biyu shi ne ƙarin daraja, wato kashi nawa na farashin kayan aka samar a gida. Ƙa'idar ECOWAS ta 2003 ta sa 30, ƙasashen ASEAN na kudu maso gabashin Asiya sun sa 40. Ga lissafi na misali. Fanka tana fita a dala 20. Inji dala 7, roba 2.5, waya da makunni 1.5, jimillar kayan waje dala 11, wato kashi 55. Saura 45 na gida, an haye ma'aunin 40. Sai kuɗin ƙasar ya faɗi. Albashi da haya da wuta duk sun ragu in an auna da dala, farashin fankar ya koma dala 17.5, kayan waje kuwa suna nan a 11 ɗinsu. Yanzu su ne kashi 63, na gida ya dawo 37. Ba a canza ko ƙusa ɗaya a fankar ba, amma ta daina zama 'yar ƙasa. Wannan ne babban aibin ma'aunin daraja, kuma ƙasashe masu arhar ƙwadago da raunin kuɗi ya fi cuta, su da aka ce don su ake yi. Duk mai tafiya da tazarar da ba ta kai maki biyar sama da ma'aunin ba, ya sake lissafi kowane wata uku, da duk lokacin da ya canza mai kawo masa kaya.

Mafita a nan ita ce tara asali. In robar nan daga wata ƙasa mamba aka sayo ta, da shaidar cewa can aka yi ta, ana ƙirga ta cikin kayan gida. Kayan waje sun koma dala 8.5, kashi 49 ke nan, fanka ta haye da sarari. Wannan sakin layi guda ya fi jawabai ɗari haɗa tattalin arzikin yanki, domin shi ke sa mai masana'anta ya nemi maƙwabci kafin ya nemi na nesa. Da ma dai babban abin da yarjejeniyar RCEP ta ƙasashe 15 na Asiya da Pasifik ta kawo a 2022 ke nan, tunda yawancinsu sun riga sun rage wa juna haraji: ƙa'ida ɗaya, da damar tara asali a faɗin yankin.

Na uku shi ne a ambaci takamaiman aikin da dole a yi a gida, kuma a nan siyasa ta fi fitowa fili. Tun NAFTA ta 1994, yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko, tufafin da za su shiga Amurka kyauta sai an fara su daga zare a cikin yankin: kaɗi, saƙa, ɗinki. A motoci, yarjejeniyar USMCA da ta maye gurbinta a Yulin 2020 ta ɗaga kason yanki daga 62.5 zuwa 75, ta ce kashi 70 na ƙarfe da alminiyon kamfani su fito daga Arewacin Amurka, kuma kashi 40 na darajar ƙaramar mota ya fito daga masana'antun da ke biyan aƙalla dala 16 a awa. Kariya ce ga masana'antun gida aka rubuta da harshen kwastam. Sassauci kuma yana nuna ƙarfinsa ta ɗaya ɓangaren. Lesoto da Kenya sun gina sana'ar ɗinki ne saboda AGOA, dokar Amurka ta 2000 da ta buɗe wa kayan Afirka kasuwarta, ta yarje musu ɗinka yadin da suka sayo daga Asiya, haka kuma da Tarayyar Turai ta daina tilasta wa ƙasashe mafi talauci saƙa yadinsu a 2011, Bangaladash ta ci moriya sosai. Shi ya sa a AfCFTA, yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a Maris 2018, motoci da tufafi ne suka fi daɗewa a teburin tattaunawa. Mai masaƙa na son ƙa'ida mai tsauri, mai ɗinki kawai na son mai sauƙi.

Sai kuma takarda, inda akasarin asara ke faruwa. Mataki na farko a tabbatar da lambar kayan a ƙasar da za su shiga, domin lamba shida ce kawai aka yi tarayya a kanta, abin da ya biyo baya kowa da nasa. Kundin ma ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, kuma sau da yawa ƙa'idar yarjejeniya na rubuce da tsohon bugu. Daga nan a jera duk abin da ya shiga kayan, da lambarsa da farashinsa da ƙasarsa, a karɓi rubutacciyar shaida daga kowane mai kawo kaya. Sayen inji a hannun dillalin cikin gida bai mai da shi ɗan gida ba. A ECOWAS, sai kwamitin ƙasa ya amince da kamfanin da kuma kowane kayansa ɗaya bayan ɗaya, an sanar da sauran ƙasashe, sannan a riƙa karɓar takardar asali a kan kowane lodi. In sunan sabon kaya bai isa ga kwastam na can ba, mota za ta kwana a iyaka ko da takardar na hannu. Turai ta bi wata hanya: mai fitar da kaya da ya yi rajista shi ke rubuta shaidar a jikin takardar ciniki, in kuma lodin bai wuce Yuro 6,000 ba, ko rajistar ba a nema.

Abubuwan da ke kashe takarda ƙanana ne. Bayanin kaya ko nauyinsu ya bambanta da na takardar ciniki. Wa'adi ya ƙare kaya na hanya. An sauke kwantena a wata ƙasa ta uku an buɗe ta ba a gaban kwastam ba. Ko kuma aikin da aka yi bai kai aiki ba: sake mazubi, manna tambari, gauraya, ɗaura sassa da sukurudireba, duk ba sa ba da asali ko da lissafi ya nuna an haye. A Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kamfanoni da dama da ke tara kayan Turai a rumbunan Birtaniya, su rarraba su tura Ayilan, sun tarar da haraji na jiransu, domin zama a rumbu bai mai da kayan 'yan Birtaniya ba.

Sakin kaya ma ba shi ne ƙarshe ba. Kwastam na iya dawowa bayan shekaru su nemi hujja, don haka ake ajiye takardu shekara 3 zuwa 5, gwargwadon yarjejeniya. In hujja ta gaza, mai shigo da kayan ne zai biya harajin baya da tara, shi ya sa mai sayen da ya san aiki ke rubuta a kwangila cewa mai sayarwa zai ɗauki wannan asara. In tazarar harajin kashi 2 ko 3 ce kawai, sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ƙananan kamfanoni sai su biya haraji su huta. In kuwa tazarar 20 ce ko 35, kada a yi lodi a kan zato. Yarjejeniyar WTO ta sauƙaƙa ciniki, da ta fara aiki a Fabrairun 2017, ta tanadi a sashe na 3 cewa ɗan kasuwa na iya neman rubutaccen hukunci daga kwastam a kan lamba da asalin kayansa tun kafin su taso. A aika musu samfur da jerin kayan haɗi da lissafin farashi, a karɓi hukuncin a hannu, sannan a kira mai jirgi.